Netwok ɗinmu yana yankewa yana dawowa: ta ina zan fara neman laifin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake kula da kwamfutocin wata makaranta mai gine-gine uku: ofis, ɗakin karatu, da zauren jarrabawa mai kwamfuta 120. Kebul muka ja ko'ina, suwic bakwai ne gaba ɗaya, akwai kuma layin da wani kamfani ya haɗa mu da reshenmu na wani gari. Wata biyu ke nan netwok yana yankewa ya dawo da kansa, wani lokaci kuma ya yi nauyi har a kasa buɗe komai. In na kashe suwic na kunna sai ya gyaru na ɗan lokaci. Kamfanin layi sun ce lafiya lau daga wajensu. Ta ina zan fara, kuma yaya zan yi in riƙa sanin matsala kafin a kira ni?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai ina roƙonka abu ɗaya: ka daina kashe suwic ɗin nan kafin ka duba cikinsa. Na san abin da ke sa ka yi, shugaban makaranta yana tsaye a kanka, yara suna zaune suna jira, kuma kashewar tana kawo sauƙi. Amma suwic mai saiti, wato irin wanda ake shiga cikinsa a ba shi umarni, yana ƙirga duk abin da ya bi ta kowane fot, wato ramin da ake soka kebul: firem (ƙunshin saƙo) nawa suka shigo, nawa suka iso a lalace, sau nawa layin ya faɗi ya tashi, kuma da ƙarfe nawa. Mafi yawan wannan lissafi a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake ajiye shi, da wuta ta ɗauke shi ke nan ya goge. Ka ga ke nan kamar ɓarawo ne yake shigo maka da dare, gari na wayewa sai ka ɗauki tsintsiya ka share sawunsa. Minti biyu sun ishe ka ka buɗe lissafin da kundin rahoton ka ɗauki hotonsu da wayar hannunka, sannan in kashewar ce ta zama dole ka kashe. Idan kuwa duka bakwai ɗin irin waɗanda ba a shiga cikinsu ne, to kuɗin farko da za ka nema a wajen makaranta shi ne na suwic mai saiti ko da guda ɗaya, a sa shi a tsakiya inda gine-ginen uku suka haɗu. Ba tare da shi ba lalube za ka ci gaba da yi a cikin duhu.

Duk sanda aka ce maka babu netwok, ka fara tambaya: su wa da wa? Kwamfuta ɗaya ce, ko duk waɗanda ke kan suwic ɗaya, ko gini guda, ko kowa da kowa? Sami littafin rubutu ka riƙa sa rana da lokaci da waɗanda abin ya shafa. Bayan mako biyu za ka ga ko abin yana bin lokacin sauyawa zuwa janareta, ko tsakar rana da kwanon rufi ya ɗauki zafi, ko lokacin da zauren ya cika. Ka duba kuma tsawon lokacin da kowane suwic ya yi a kunne, shi da kansa yana faɗa. In ya ce minti 40 alhali tun jiya ba ka taɓa shi ba, matsalarka wuta ce. Babban suwic yana ɗaukar minti ɗaya zuwa uku, wani ma fiye, kafin ya gama tashi, wannan kuwa shi ne ainihin "ya yanke ya dawo da kansa". Na sha zuwa wuraren da aka sake kebul baki ɗaya, daga baya aka gano batirin UPS ne ya mutu tun bara.

In wuta ta fita daga zargi, sai kebul, kuma nan zan daɗe domin a ayyukan da na yi nan laifin ya fi yawa. Kebul ɗin Ethernet yana da silin waya takwas, an murɗa su bibbiyu, tagwaye huɗu ke nan. Murɗin nan ba ado ba ne, shi yake sa hayaniyar lantarki da ta faɗa kan sili ɗaya ta faɗa kan ɗan'uwansa daidai wa daida, sai na'ura ta cire ta. Layi mai gudun megabit 100 tagwaye biyu kawai yake amfani da su, waɗanda ke fil na 1 da 2 da na 3 da 6. Mai gudun gigabit kuwa duka huɗun yake buƙata. Shi ya sa in ka ga fot da ya kamata ya tashi a 1000 ya tashi a 100, kada ka ce ai yana aiki. Yawanci yana gaya maka ne cewa sili ɗaya a cikin shuɗi ko ruwan ƙasa ya tsinke ko bai matsu da kyau ba. Bi dukkan fot ɗin da suka haɗa suwic da suwic ka duba gudun da suka tashi a kai. Layi ɗaya da ya sauko 100 tsakanin zauren jarrabawa da sabar ya isa ya jawo nauyin nan da kake faɗa, domin kwamfuta 120 ne suke cunkushewa a ƙofa ɗaya.

Akwai laifin da ƙaramar testar nan mai fitilu takwas ba ta iya gani, kuma shi ya fi wahalar da mutane. Tsarin da aka fi bi wajen matse kai, T568B, yana tafiya ne haka: fari mai ruwan lemo, ruwan lemo, fari mai kore, shuɗi, fari mai shuɗi, kore, fari mai ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Ka lura kore ya rabu, ɗaya a fil na 3 ɗaya a na 6, shuɗi ya shiga tsakani. Yaron da bai koya ba sai ya ga ai kwan-gaba kwan-baya ne, ya jera kowane launi kusa da ɗan'uwansa, ya yi haka a kai biyun. Ka sa testa, fitilu su bi 1 zuwa 8 lafiya lau, domin kowane sili ya isa inda ya dace. Amma fil na 3 da na 6 yanzu ba tagwaye ɗaya ba ne, murɗin ya tashi a banza. A mita 5 zai yi aiki, a mita 60 sai kuskure ya yi ta zuba. Ɗaga kan kebul ɗin ka kalle shi a haske, launukan suna nan ana gani ta cikin robar. Ka duba kuma ko an warware murɗin ya wuce milimita 13 kafin a matse, da ko rigar kebul ɗin ta shiga cikin kan ko an bar siloli a tsirara suna lilo.

Sai tsawo, wanda iyakarsa mita 100 ce har da gajerun kebul na bakin suwic da na bakin kwamfuta. Sai kuma irin kebul ɗin kansa. Kasuwa cike take da kwalin mita 305 mai araha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Kankare sili ɗaya da reza, in fari ya bayyana to shi ne. Alminiyam bai kai jan ƙarfe ɗaukar lantarki ba, kusan kashi 61 cikin 100 kawai yake yi, yana kuma karyewa a bakin kai in an lanƙwasa shi sau biyu uku. Inda kebul ɗin ke ɗauke da wutar kyamara ko ta na'urar Wi-Fi abin ya fi muni, sai ka ga na'urar tana mutuwa tana tashi ba dalili.

To in kebul ya tsinke a cikin silin ɗaki ko cikin bango, ba sai ka farfasa ginin mutane ba. Yawancin suwic masu saiti suna da gwajin da ake kira TDR. Na'urar tana harba ɗan bugun lantarki cikin sili ta saurara. In ya isa inda aka yanke sai ya dawo, kamar yadda muryarka ke dawowa in ka yi kira cikin rijiya. Saƙo yana gudu a kebul da kusan kashi biyu cikin uku na saurin haske, wato santimita 20 a kowace nanodaƙiƙa, don haka amsar da ta dawo bayan nanodaƙiƙa 400 tana nufin laifin yana mita 40 daga gare ka. Daga siffar amsar ma tana gane ko yankewa ce ko siloli biyu ne suka haɗu. A Cisco umarnin shi ne test cable-diagnostics tdr interface ka bi shi da sunan fot ɗin, sannan show cable-diagnostics tdr ka karanta sakamako. A MikroTik akwai cable-test a ƙarƙashin interface ethernet. A Linux akwai ethtool --cable-test in katin ya yarda. Gwajin yana iya yanke layin na ɗan lokaci, kada ka yi shi ana tsakiyar jarrabawa.

Na taɓa yin irin wannan a wata cibiyar jarrabawa inda suwic ɗaya yake faɗuwa daga gigabit zuwa 100, wani lokaci ya yanke gaba ɗaya. Gwajin ya ce tagwaye uku tsawonsu mita 68, na huɗun ya tsaya a 31. A jikin rigar kebul akwai lambar tsawo da masana'anta ke bugawa a jere, sai na karanta wadda ke bakin suwic, na ƙara 31, muka hau silin da tocila muna bin lambobin. Ba mu wuce mita biyu daga lissafin ba muka same shi a kan wani katako, ɓera ya gaigaye rigar gefe ɗaya, silin ruwan ƙasa ya rage kamar gashi yana taɓawa yana saki. Da rana in kwano ya yi zafi kebul ɗin ya ɗan motsa sai ya saki, da yamma ya koma. Wanda ke kula da wurin ya yi wata guda yana zargin sabar.

Yanzu ga lissafin da na ce kada ka goge. Kowane firem na Ethernet, daga mai bayit 64 zuwa mai 1518, yana ɗauke da bayit 4 a ƙarshensa na tantancewa. Mai karɓa yana sake lissafawa, in bai yi daidai ba sai ya jefar da firem ɗin ya ƙara ɗaya a gurbin CRC, inda ake ƙirga firem ɗin da suka iso a lalace. Ƙa'idar gigabit a kan jan ƙarfe ta ɗauka cewa kuskure ba zai wuce bit ɗaya cikin biliyan 10 ba, saboda haka lafiyayyen layi yana iya yin kwanaki lambar tana sifili. Jimillar da ka tarar ba ita ce abin kallo ba, wataƙila tun bara ta taru. Bayan ka ɗauki hoto, share lissafin da umarni, jira awa ɗaya ana aiki, ka sake dubawa. Wanda ke hawa shi ne mara lafiya. Ka tuna mai karɓa ne yake ƙirgawa, don haka sai ka duba kai biyun, domin kebul yana iya lalacewa ta hanyar zuwa ta dawowa kuma lafiya. In ka sake kebul lambar ba ta daina hawa ba, mayar da shi wani fot ɗin. In kuskuren ya biyo shi, na'urar da ke can ƙarshen ce, in ya tsaya, fot ɗin farko ne ya lalace. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya sauya uku a tare ko ya gyaru bai san me ya gyara ba, kuma zai dawo.

Lambobi biyu kuma suna da nasu labarin. In ka ga late collision, wato karon saƙonni da aka gano a makare, yana hawa a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma CRC da guntayen firem, to wani ya kafe gudun fot da hannu a 100 mai aikawa da karɓa lokaci guda, ya bar ɗaya gefen yana zaɓa da kansa, shi kuma ya zaɓi bi da bi. Alamarsa ping, wato ɗan saƙon gwaji da ake aikawa a jira amsa, yana wucewa sumul, amma kwafar fayil tana jan ciki. Mayar da duka biyun su zaɓa da kansu. In kuwa CRC sifili ne amma firem ɗin da aka zubar wajen fita suna hawa, kebul ba shi da laifi, hanya ce ta yi wa kaya kaɗan.

Amma maganarka cewa kowa yana jin nauyin lokaci guda, kuma kashe suwic yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, ta fi sa ni zargin zagaye. Firem na Ethernet ba shi da wa'adin mutuwa irin na fakitin IP. In aka sami hanya biyu tsakanin suwic biyu, ko wani ya ɗauki kebul da ke yashe a ƙasa ya soke kai biyun a suwic ɗaya da niyyar gyara wuri, saƙon shela guda ɗaya zai yi ta kewayawa yana ninkuwa har ya cinye layin. Za ka ga fitilun duka suna ƙiftawa tare da sauri kamar an haɗa baki, kundin rahoto kuma yana cewa adireshin MAC ɗaya, wato lambar shaidar katin netwok na wata na'ura, yana tsalle tsakanin fot biyu. Waɗannan fot biyun su ne bakin zaren. In babu kundin, sai ka tsaya a suwic na tsakiya kana zare layukan gine-gine ɗaya bayan ɗaya, kana ba kowanne daƙiƙa 20. Wanda ka zare fitilu suka lafa, can za ka nufa ka maimaita a suwic na gaba. Sau da yawa ƙarshen tafiyar wani ɗan suwic ne mai fot biyar a ƙarƙashin teburin wani ofis, wanda ba ya cikin bakwai ɗin da ka ƙirga. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Maganin wannan ya daɗe da samuwa. Radia Perlman ta tsara Spanning Tree a 1985, ya zama ƙa'idar 802.1D a 1990: suwic suna aika wa juna ɗan saƙo mai suna BPDU duk daƙiƙa 2, in sun gano hanya ta ninku sai su toshe ɗaya. Tsohon tsarin yana riƙe fot daƙiƙa 30 kafin ya buɗe, yana iya kai 50 in hanya ta sauya, shi ya sa wasu ke kashe shi don kwamfuta tana tashi ba ta samun adireshi. Wannan babban kuskure ne, kuma ina ganinsa da yawa. Abin yi shi ne ka kunna mai saurin, RSTP na 2001, ka ayyana fot ɗin kwamfutoci a matsayin na gefe don su buɗe nan take, ka sa musu kariyar BPDU ta yadda duk wanda aka soka wa suwic mai aika BPDU ko zagaye zai rufe kansa ya rubuta a kundi. Ka zaɓi suwic na tsakiya ya zama tushe da hannunka, kada ka bar su su zaɓa. Yayin da kake wannan, ka leƙa adireshin kwamfutocin da suka yanke. Mai farawa da 169.254 bai sami mai ba shi adireshi ba ne. Wanda kuwa ya sami adireshin da ba na tsarinku ba, wani malami ne ya kawo rautar gida ya soka don ya sami Wi-Fi a ofis, tana ta raba nata.

Game da ping, wanda Mike Muuss ya rubuta a 1983, kayan aiki ne mai kyau in an san iyakarsa. Ping huɗu da suka dawo ba su tabbatar da komai ba sai cewa a daƙiƙa huɗun nan hanya a buɗe take. Buɗe taga huɗu ka bar su suna gudu da ping -t: ɗaya zuwa suwic na ginin da kake, ɗaya zuwa na tsakiya, ɗaya zuwa rauta, ɗaya zuwa reshe. Ranar da abin ya faɗi, wadda ta fara yin shiru a jerin ta nuna maka tsakanin ina da ina. A cikin gida ya kamata amsa ta dawo cikin milidaƙiƙa 1 ko 2. Kada ka dogara da traceroute, umarnin bin sawun hanya, a nan, rautoci kawai yake gani, suwic bakwai a wurinsa babu su. Abin da ke maye gurbinsa shi ne teburin MAC: nemi adireshin na'urar a suwic na tsakiya, zai ce maka ta fot kaza, ka bi fot ɗin zuwa suwic na gaba ka sake tambaya har ka dafa ta. Ka yi da wuri, domin yawanci bayan daƙiƙa 300 na shiru suwic yana mantawa. Kunna LLDP ma, kowane suwic zai riƙa faɗa maka wane ne maƙwabcinsa a kowane fot, daga nan ka zana taswira ta gaskiya.

Ba ka faɗa mini da me aka haɗa gine-ginen ba. In jan ƙarfe ne aka ratso tsakar gida da shi, ka sa a ranka damina za ta ci wani fot. Fot na Ethernet an yi shi ya jure bambancin kusan bolt 1500, tsawa da ta faɗi kusa kuwa ta wuce nan nesa, kuma ba lallai ta kashe shi ba, tana iya barinsa da rai yana zubar da kuskure. Tsakanin gini da gini faiba ake sawa. In faibar ce da ma, tambayi suwic ƙarfin hasken da SFP, ɗan kan da ake soka faiba a jikinsa, ke karɓa. Irin LX yakan daina ji a wajen -19 ko -20 dBm (ma'aunin ƙarfin haske), kuma kowane 3 dB da ka rasa rabin hasken ne ya tafi. Faiba kanta ba ta cin fiye da kusan 0.35 dB a kilomita guda, don haka in a tazarar mita 200 ka ga -17, akwai datti a kai ko an lanƙwasa ta da yawa a wani lungu. Zuciyar faibar maikiron 9 ce kawai, ƙwayar ƙurar hunturu guda ta isa ta tare ta. Goge da abin gogewarta na musamman, ba da bakin riga ba, kada kuma ka taɓa leƙa ta da ido domin hasken ba a ganinsa amma yana illa.

Saura layin reshe, inda kai ka ce ya yanke su kuma su ce lafiya. Tushen wannan jayayya tsoho ne. Bob Metcalfe da abokan aikinsa sun ƙirƙiri Ethernet a 1973 a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto don haɗa na'urorin wuri ɗaya, inda in abu ya lalace sai ka tashi ka taka ka gani. Da kamfanoni suka fara sayar da shi tsakanin garuruwa sai gibin ya bayyana: fitilar fot ɗinka tana kore domin akwatin kamfani da ke ofishinka yana raye, alhali faiba ta tsinke kilomita 80 daga nan inda ake aikin titi. Don toshe wannan gibi aka fito da 802.1ag a 2007, wanda ake kira CFM, da ɗan'uwansa Y.1731 na hukumar ITU.

Ga yadda yake aiki. Ana kafa maƙura biyu, ɗaya a na'urarka ɗaya a ta reshe, su ake kira MEP. Na'urorin da ke kan hanya kuma ana iya mai da su zango, su ne MIP, kamar zangon fatake, ba su fara magana amma in an tambaye su suna amsawa. Maƙuran suna aika wa juna saƙon "ina nan" a kan kari, daga kowace milidaƙiƙa 3.33 har zuwa kowane minti 10, gwargwadon yadda aka saita. In aka wuce kari uku da rabi ba a ji ɗaya ba, sai a ayyana yankewa. A saitin daƙiƙa 1, cikin daƙiƙa uku da rabi ka sani, da lokacinsa a rubuce. Wanda ya daina ji kuma yana sa alamar RDI a nasa saƙon, ma'ana "ni ba na jin ka", don haka ko hanya ɗaya ce ta mutu kowa zai sani. Daga nan sai ka aika linktrace, kowane zango ya amsa da adireshinsa har inda amsa ta ƙare, laifin yana gaba da zangon ƙarshe da ya yi magana. Akwai kuma loopback, wanda yake kamar ping amma da adireshin MAC, babu ruwansa da IP. An raba aikin hawa takwas, 0 zuwa 7: abokin ciniki yana 5 zuwa 7, mai sayar da layi 3 da 4, masu ainihin hanyar 0 zuwa 2. Saƙon hawa na sama yana ratsa na ƙasa ba a taɓa shi, shi ya sa kai za ka iya gwada layinka daga ƙarshe zuwa ƙarshe ba tare da ka ga cikin gidan kamfanin ba, sai zangon da suka yarda suka buɗe maka. Y.1731 ya ƙara auna jinkiri da adadin firem da suka ɓata, wanda shi ne abin da yarjejeniyarku ta kamata ta dogara a kai. Akwai kuma 802.3ah na 2004 mai kula da layi ɗaya tak tsakanin na'ura biyu, wanda ke da wani abu da nake so ƙwarai: akwatin da wuta ta ɗauke masa yana aika saƙon numfashin ƙarshe kafin ya mutu. Da shi ake bambance ɗaukewar wuta a reshe da tsinkewar faiba, ba sai an tura mutum a mota ba.

Ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su ko suna gudanar da CFM a layinku, in suna yi su ba ka rahoton ranakun da ke littafinka, su kuma buɗe maka zango a bakin iyakarsu biyu. Ba kowane ƙaramin suwic ke da shi ba, kuma in layin ta rediyo ne ko ta cikin intanet aka haƙa shi, zancen ya sauya. A wannan hali SmokePing zai wadatar: yana aika ping 20 duk minti 5 ya zana maka jinkiri da asara, hoton mako guda kuwa ba a musu da shi. Ka gwada kuma babban fakiti da ping -f -l 1472 daga Windows. Wannan da kawunan bayanin da ake ɗora masa bayit 1500 ne cif. In ƙanana suna wucewa wannan ba ya wucewa, wani wuri a hanya bai bar gurbin bayit 4 na alamar VLAN, wadda ake raba netwok kashi-kashi da ita, ko wani ƙarin kai ba, alamarsa kuwa wasu shafuka su buɗe wasu su maƙale.

Sanin matsala kafin a kira ka ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa, ka sa mata LibreNMS ko Zabbix, duka kyauta ne, ka kunna SNMP, hanyar da za ta riƙa tambayarsu lissafinsu, a kowane suwic, amma ka sauya kalmar sirri ta public da suke zuwa da ita. Za ta riƙa zana maka cikar kowane fot, kuskurensa, da hasken faiba, sai ka san yadda lafiya take kama kafin ranar ciwo. Sai dai irin wannan zagayen tambaya yawanci duk minti 5 ne, yankewar daƙiƙa 20 tana iya wucewa ta tsakani ba a gani ba. Don haka ka umarci kowane suwic ya riƙa tura kundin rahotonsa ta syslog zuwa wannan kwamfutar nan take, ka kuma daidaita agogonsu duka da NTP, in ba haka ba za ka tara rahoto bakwai kowanne da nasa lokacin, ka kasa sanin wanda ya riga faɗuwa. Ɗora kwamfutar da suwic na tsakiya a kan batir mai kyau don su ga faɗuwar sauran. Kada ka sa ta yi maka ƙara a kan kwamfutocin zaure 120 da ake kashewa kullum da yamma, cikin mako guda za ka daina karanta saƙonninta. Layukan da ke tsakanin suwic, sabar, rauta da layin reshe, waɗannan kaɗai suka cancanci su tashe ka.

In abin ya sake faɗuwa, ka turo mini hoton kundin rahoton suwic na tsakiya, da lissafin fot ɗin da suka tafi sauran gine-ginen biyu, da tsawon lokacin da kowane suwic ya yi a kunne, in sha Allahu mu duba tare.